Turanci da Faransanci a Fagen Ilimi: Kama da Wane Ba Ta Wane

 

Ɗalibin da ya iya Turancin makaranta ya riga ya san dubban kalmomin Faransanci ba tare da ya sani ba. Dalilin yana cikin tarihi. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu har kusan shekara ɗari uku. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Turanci. Kafin lokacin kalmomin mulki da shari'a da likitanci sun riga sun shige cikin Turanci, kuma harsunan biyu sun ci gaba da ɗibar kalmomin kimiyya daga Latin da Girkanci. Shi ya sa infection, diagnostic da constitution ba sa ba ɗalibinmu wahala a littafin Faransanci.

Wannan sauƙin shi ne kuma tarkon. Mu fara da abin da ya tara mu, wato lacca. Mun ari lacca daga Turanci, amma lecture a Faransanci karatu ne, irin wanda mutum ke yi da littafi a hannu. Abin da nake yi yanzu conférence suke ce masa. Librairie kantin sayar da littattafai ne, ɗakin karatu kuwa bibliothèque. Collège ƙaramar sakandare ce. Baccalauréat jarrabawar kammala sakandare ce, digirin farko kuma licence. Duk mai neman gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya san waɗannan kafin ya cika takarda.

Inda na fi so mu tsaya shi ne fannin lafiya, tunda ga Kwalejin Shehu Idris a nan Makarfi tana yaye ma'aikatan asibiti. Kuskure a ɗakin karatu dariya ake yi, a ɗakin magani kuwa rai ne. Drogue ba maganin asibiti ba ne, ƙwaya ce ta maye. Magani médicament ne. Takardar da likita ke rubuta wa majiyyaci ordonnance ce. Maleriya paludisme ce. Injure zagi ne, rauni kuwa blessure. Gajerun sunaye ma juyawa suke yi: AIDS ta koma SIDA, DNA ta koma ADN, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma OMS.

Lissafi ya fi duka hatsari, domin shi ba ya ma nuna alamar baƙunta. Bafaranshe waƙafi yake sawa inda muke sa ɗigo. In ya rubuta 1,500 yana nufin ɗaya da rabi, ɗalibinmu kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar zai karanta. Ku ɗauka majiyyaci ya zo daga Maraɗi da takardarsa, an rubuta awon jininsa 12/8. Ba mutuwa yake yi ba. Can da santimita suke faɗar awon, mu da milimita, wato 120/80 ke nan, lafiyarsa ƙalau. 'Yan kasuwarmu na rake da tumatir su ma su ji: biliyan namu milliard ne a wurinsu, billion ɗinsu kuma tiriliyan ne.

A sababbin fannoni kamar fasaha, kamannin yakan ɓace gaba ɗaya, kuma da gangan aka yi. Faransawa ba sa son aro daga Turanci. A 1955 wani malamin jami'a, Jacques Perret, ya ba kamfanin IBM shawarar kiran kwamfuta ordinateur, sunan kuma ya zauna. A 1994 suka yi dokar Toubon wadda ta wajabta Faransanci a talla da takardun aiki. Ko ka ce taurin kai ne, sun dai nuna cewa harshe yakan yi wa kansa kalmomin ilimi in masu shi sun dage.

Mu fa? Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a 1996, akwai kuma cibiyar koyon Faransanci a Badagry tun 1991. Amma abin da yaranmu ke fita da shi daga ƙaramar sakandare bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Nijar kuwa a 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan tsakanin mai cewa makaranta da malam, da mai cewa lakwal da mushe a Nijar, Hausa ce gadar da ta rage.

Magabata sun share hanya da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Roƙona ga malaman kwalejin nan da na sassan Hausa da Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello, ga ta nan kusa a Zariya, shi ne su haɗa kai su fitar da ɗan ƙamus na kalmomin asibiti cikin Hausa, Turanci da Faransanci, wanda ma'aikacin jinya zai iya sawa a aljihu. A fara da awo da sunayen magunguna.