Haƙƙin Lebura a Aikin Ƙawata Gidaje da Ofisoshi

Jawabin sakataren ƙungiya a taron wata, Potiskum

 

Maganar da muka kawo yau ta shafi wata sana'a da ke ƙara bunƙasa a garin nan, wato gyaran harabar gidaje, ofisoshi da makarantu: shimfiɗa intalok, dasa fulawa da darbejiya, zuba ciyawa. Mai wucewa kyan wurin kawai yake gani, ba ya ƙirga hannuwan da aikin ya bi. Mai gida ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya sayi yashi wurin mai tipa, tsiro wurin mai gandun reno, taki wurin masu kwasowa daga kasuwar shanu bayan an tashi cinikin Laraba. A ƙarshen layin nan akwai mai loda yashi da shebur, da yaron da ke cusa ƙasa cikin leda, da ɗan garuwa mai ban ruwa. Yawancinsu 'ya'yanmu ne, ko baƙin da suka zo cin rani suka sauka a zaurukanmu, ko almajirai.

To ina bautar take? Turawan mulki sun soke bauta gaba ɗaya a Arewa tun 1936, amma ta yau ba ta zuwa da mari a ƙafa, da bashi take zuwa. Ana ɗauko mutum daga ƙauye, a biya masa kuɗin mota, a ba shi wani abu ya bar wa iyali. Daga ranar an ɗaure shi. Kowane mako sai a cire na abinci, a cire na shebur da ya karye, a ce sauran sai gwamnati ko mai gida ya biya. Wata uku, wata huɗu, bashin yana nan, kuma in ya ce zai tafi a yi masa barazana da 'yan sanda, ko a riƙe masa waya da katin ɗan ƙasa. Duk wanda ba shi da ikon ajiye aiki ya kama gabansa, to aikin dole yake yi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen miliyan 28 ne ke cikin irin wannan hali a duniya.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda mutanenmu ke yin shiru. Sai ka ji mutum ya ce ai mu baƙi ne, ba mu da takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wa zai saurare mu? Jama'a, wannan kuskure ne babba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana bautar da mutum ko sa shi aikin dole, kuma bai ce sai Bangizime ko Bakarkare ko Babole ba. Kowane mutum ya ce. Ko daga Maraɗi ya zo jiya, dokar ta rufe shi.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ma ta yi bayani dalla-dalla, kuma muna so kowane magidanci ya riƙe wannan. Ba a yarda mai aiki ya ba lebura kuɗin gaba da ya wuce ladan wata ɗaya ba, kuma ba a ɗora masa ruwa. Lada da kuɗi ake biya, ba da kwanon gero ba, kuma kada ya wuce wata ba a biya ba. Yaron da bai kai shekara 12 ba ba a ɗaukarsa aiki, sai dai ɗan aiki mara nauyi na gona ko lambu ko gida a hannun danginsa. Ku dubi yaran da ke tura baro cike da taki, ku auna da wannan. Sannan dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai sa mutum aikin dole. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kuwa, a gaskiya bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, shi ya sa ƙananan 'yan kwangila ke sha. Amma wannan bai ba su lasisin cinye jingar da aka yi da su ba.

Kada mu manta, cikinmu ma akwai 'yan kwangila da masu tipa da masu gandun reno. Alhazai, kada ku ce kun biya ƙaramin ɗan kwangila shi ke nan. A Ingila tun 2015 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni su bayyana duk shekara matakin da suka ɗauka kan bauta har a wurin masu kawo musu kaya. Mu nan ba sai doka ta tilasta mu ba: ka leƙa wurin aikin, ka tambayi mai shebur ko an sallame shi, kafin ka biya cikon kuɗin.

Ga abin da ƙungiya ta tsara. Duk wanda zai tura ɗansa ko baƙonsa aikin jinga, a rubuta yawan lada da ranar biya a gaban shaidu biyu. Wanda bai iya karatu ba kada ya ji kunya, da yawanmu da furfura muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya kawo takardar mu karanta masa kafin ya dangwala. In an hana mutum haƙƙinsa, za mu fara da mai unguwa da shugaban sana'ar. In ya gagara, za mu raka shi Damaturu, ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, inda ake karɓar ƙorafi ba tare da biyan kuɗi ba. Littafin rajista yana hannun ma'aji, kuma za a buɗe shi da zarar an tashi daga taron nan.