Ƙofa Bayan Ƙofa: Ginin Fada da Siyasar Sarauta a Wasan Kwaikwayo



Duk wanda ya taɓa kai gaisuwa fada ya san ba a shigarta kai tsaye. Akwai filin ƙofar fada, inda talaka da baƙo da mai ƙara suke jira. Daga nan sai zaure, bayansa wani soron, bayan wannan kuma wani, kowanne da mai tsaronsa da irin mutanen da ake bari su wuce. Inda aka tsayar da mutum, nan ne iyakar matsayinsa. Wani a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, dogarai su amsa masa da "Sarki ya gaishe ka". Wani kuwa sai ya ratsa soro uku ba a ce masa kanzil ba. Magina ma da gangan suke karkata ƙofofin, don kada idon na waje ya miƙe har cikin gida.

Gidan Rumfa na Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, shi ne babban misalin wannan tsari. A can ne za ka gane dalilin da ya sa Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda asalinsu bayin sarki ne, suka yi ƙarfin da wasu 'ya'yan sarauta ba su yi ba. Su ke riƙe da ƙofofi, kuma mai riƙe da ƙofa shi ke zaɓar maganar da za ta kai kunnen sarki. Haka jakadiya: tana shiga inda Waziri ba ya shiga, ta ɗauko saƙo daga cikin gida ta fito da shi waje. Marubucin da ya fahimci wannan ya riga ya sami rabin labarinsa. Kuma kada a ɗauka zancen dā ne kawai. A 2024, da rikicin sarautar Kano ya taso, tambayar da ke bakin jama'a ita ce wa ke Gidan Rumfa, wa ke Gidan Nasarawa.

Masu shirya fina-finan tarihi a Turkiyya sun riƙe wannan sirri na ginin fada da kyau. A fadar Topkapi ta Istanbul akwai wata taga mai raga a saman zauren majalisa, inda a dā Sarkin Daular Usmaniyya kan zauna yana sauraron wazirai ba tare da sun san ko yana nan ko ba ya nan ba. Taga ɗaya tak, amma ta isa ta sa kowa ya auna kalamansa, kuma kyamararsu ta san yadda za ta sa mai kallo ya ji wannan fargaba.

Mu fa? Tun daga Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976 muke da fim ɗin tarihi, kuma Kannywood ba ta rasa labaran sarauta ba. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa fadar da ake nuna mana falon attajiri ce: kujeru masu ruwan zinariya, labule, da dogarai biyu a tsaye. Kowa ya faɗo ya tarar da sarki, ba zaure, ba jira, ba mai iso. Da zarar an cire ƙofofin nan, makirci da biyayya da kishin fada duk sai su koma surutu. Ba a ganin bakan gizo da rufin azara, ba a ganin zankwaye, alhali aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya ya nuna irin nisan da ginin ƙasa ya kai a hannun Bahaushe.

Ga kuma tarihin Gumel yana jiran mai rubuta shi. Masarauta ce ta Mangawa da Ɗan Juma ya kafa wajen 1750. Ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba bayan jihadi, Barno take bi. A ƙarni na 19 ta taso da mazauninta daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar, ta dawo garin Gumel na yanzu, tana fama da Haɗeja ta wannan gefe, Damagaram ta wancan, har zuwan Turawa a 1903. Ku yi tunanin zaman fada a ranar da manzon Barno ya iso, ga kuma labarin dawakin Damagaram sun doso. A wane soro za a sauke shi? Wa zai yi masa iso, wa za a hana shiga? Wasan kwaikwayo ke nan tun kafin a zare takobi.

Roƙona ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da matasanmu masu sha'awar fim shi ne ku nemi izinin masarauta, ku zauna da dogarai da tsofaffin magina da dattawan matan fada tun suna raye. Ku zana taswirar gidan, ku rubuta sunan kowane soro da aikinsa da wanda ke da ikon zama cikinsa, sannan ku ɗora labarinku a kai.