Idan Shugaba Ya Zo Ƙauyenku, Kada Ku Tsaya A Guɗa Kawai

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu: Wannan jawabin an rubuta shi ne saboda waɗanda ba su samu zuwa zamanmu ba. Wadda ta iya karatu, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Kun ji ana maganar rangadi, cewa jagoranmu na ƙasa zai shiga ƙananan garuruwa da ƙauyuka, ba manyan birane kaɗai ba. Tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Wannan na tambayar kalar atamfar anko, waccan na tambayar mota nawa za a ba mazaɓarsu. Har yanzu ban samu wadda ta kira ta ce, "Hajiya, me za mu faɗa masa in ya zo?" ba. To wannan tambayar ita nake so mu tsaya a kai yau.

Kada wata ta raina zuwan shugaba ƙauye. Mutanenmu ba sa mantawa da wanda ya tako ƙafa ya zo, kuma ba sa mantawa da wanda bai zo ba. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Shugaba Jonathan bai je garin ba, iyayen yaran aka kwaso zuwa Abuja a watan Yuli, kuma wannan abu ya bi shi har zaɓen 2015. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, marigayi Buhari yana Daura, jiha ɗaya, amma sai a gidan gwamnati a Katsina ya ga yaran bayan an sako su. Shi ɗin dai ya je Dapchi a watan Maris na 2018, kuma ku tambayi mutanen Yobe, za su gaya muku sun lura da bambancin. A Yunin 2025, bayan kisan Yelwata a jihar Binuwai, Shugaba Tinubu ya tsaya a Makurɗi, ya ce ruwan sama da lalacewar hanya sun hana shi isa garin. Na jero su ne ba tare da duba jam'iyyar kowa ba, don ku gane talaka yana riƙe da lissafinsa. Kuma ku lura da na ƙarshen nan: hanyar da ta gagari ayarin shugaban ƙasa, ita mai naƙuda take bi a bayan babur.

Amma fa akwai zuwa, akwai zuwa. Duk mun san yadda ake yi. Saura kwana uku a ga tifa tana zuba jar ƙasa a ramukan hanya. A shafa wa gaban asibiti fenti, bayansa kuwa jemagu ne ke kwana. A aro gadaje daga wani asibitin, a jera magani a kanta, a kawo janareto. Ranar zuwa a fito da yaran makaranta tun hantsi su jeru a rana ba ruwan sha. Jiniya ta taso, masu tsaro su ture kowa gefe, shugaba ya zauna a tabarma minti goma, ya ɗauki jariri, a ɗauki hoto, kafin la'asar hoton ya cika Facebook da TikTok. Washegari motar da ta kawo gadajen ta dawo ta kwashe kayanta.

Wa ake sa wa a gaba a wannan hoton? Mu ne. Mu ne masu anko, mu ne masu guɗa, jariran da ake ɗauka namu ne. Hoton shugaba mai tausayin talaka da fuskokinmu ake haɗa shi. Tunda haka ne, ai muna da haƙƙin mu ce ga abin da muke so a madadinsa, kuma turmin atamfa da ɗan abin da ke cikin ambulan ba su kai ba.

Wata za ta ce, "Hajiya, ai tona asirin gwamnati ne, kuma namu ne." Ni a ganina wanda ya ɓoye wa shugaba gaskiya shi ne ya cuce shi. Zai koma Abuja da tunanin asibitinku lafiya lau, alhali ranar zaɓe matar da ta rasa 'yarta wajen haihuwa ba fenti za ta tuna ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In burtsatse ya lalace, a bar shi a lalace ya gani. In ajin 'yan firamare ba rufi, a nan za a tsayar da shi.

Malam Aminu Kano ya rasu tun 1983, amma har gobe ana kiran sunansa a ƙauyukan da bai taɓa gina ko rijiya ba, don bai taɓa riƙe gwamna ko shugaban ƙasa ba. Abin da ya sa shi ne, shi da mutanensa na NEPU sun zauna da talaka sun ji kukansa kan haraji da jangali da aikin tilas, suka mayar da kukan nan maganar siyasa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan hanya, tun matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai a 1976 aka ba mu, kuma 1979 ne muka fara zaɓen shugaban ƙasa. Ƙuri'ar da aka sha wuya haka a kanta, haba, bai kamata mu je da ita wurin taro mu dawo da hoto kawai ba.

Yanzu ga aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta tara matanta a wannan makon, har da na rugage da unguwannin bayan gari waɗanda ba a cika gayyata ba. Ku fitar da buƙata biyu, in ta yi yawa uku. Takarda mai buƙata ashirin a aljihun ɗan rakiya take ƙarewa. Ku rubuta da sunan wuri da adadi: asibitin gari kaza ba ungozoma da dare, mata kaza ne suka haihu a hanya daga sallah zuwa yau. Ku ƙirga da kanku, kada ku ƙara ko ɗaya, don ƙarya ɗaya tana rusa takardar gaba ɗaya.

Sannan ku san wa ke da alhakin me, don kada a yi muku wasa da hankali. Akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Ku tambaya: asibitin mazaɓarmu yana cikin masu karɓa? Wa ke sa hannu? Akwai mace a kwamitin? Haka kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka in ciyaman da kansila suna zaune a rumfar nan, maganar burtsatse da rufin aji a gabansu za a yi ta, shugaba yana ji. Shi kuma shugaba a tambaye shi abin da ke hannunsa: tsaro, babbar hanya, taki, tsadar abinci.

Wadda za ta yi magana, ku zaɓe ta da kanku tun kafin ranar, ku sanar da dagaci da masu tsara taro a rubuce. Ba dole sai mai boko ba. Ungozomar gari ko uwar marayu da ta san abin a jikinta ta fi mai karanta takarda tana rawar murya. Ta yi gaisuwa a taƙaice, ban da kirari, maroƙa sun isa. Minti biyu za a ba ta, in an ba ta.

Abu ɗaya kuma da ke ci mini rai: kada a ɗauki hoton marar lafiya ko matar da ke takaba ko yaro mai tamowa a watsa ba da yardar su ko iyayensu ba. Talauci bai cire wa mutum mutunci ba. In kun ga mai waya ya nufi gadon mai jego, ku tare shi da ladabi. Yaran makaranta kuma a bar su a aji.

Duk alkawarin da aka yi a wurin, sakatariya ta rubuta shi da ranar da aka yi da sunan wanda aka ɗora wa. Ku ɗauki hoton asibitin ranar zuwa, ku sake ɗauka bayan wata uku, ku turo mana duka biyun. Mu za mu kai ofishin jam'iyya na jiha, mu ajiye kwafi a hannunmu.

Shugabannin mata na ƙananan hukumomi, ina jiran takardun mazaɓunku da sunan mai magana kafin Alhamis da daddare. Maganar anko sai bayan takardu sun iso. Ku tura wannan saƙo sauran guruf-guruf namu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare hanya. Wassalamu alaikum.