Daga Dandalin Kaka Zuwa Takobin Ƙasa: Jawabi a Bikin Naɗin Sarkin Kokowa

 

Mai martaba Sarki, uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani. Mai girma shugaban gunduma, mai girma magajin gari, limamanmu da malamanmu, masu gari da masu unguwanni, iyayenmu mata, makaɗa da maroƙa, tsofaffin 'yan kokowa da matasansu, baƙinmu da suka tsallako iyaka daga Jibiya da Katsina, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahamatullahi.

Rawanin da mai martaba ya naɗa wa ɗan'uwanmu da safiyar nan yana da asali a ƙasar Hausa. Kamar yadda maƙera suke da Sarkin Maƙera, mahauta da Sarkin Fawa, manoma da Sarkin Noma, haka masu shiga fage suke da nasu shugaba, mai tsaya musu a fada, mai tsawata musu idan sun kauce. Dattawan gari sun ɗora mini yin magana a madadinsu. Na san kuma akwai masu tambaya a zuci: ana fama da tsadar hatsi, ana fama da rashin tsaro a bakin iyaka, yanzu kokowa ce abin tara sarakuna? Tambaya ce ta masu hankali, ta cancanci amsa.

Ranka ya daɗe, mu tuna halin da Nijar take ciki a shekarar 1974, lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Fari ya cinye dabbobi, rumbuna sun zama wayam, mutane sun watsu neman abinci. Ga ƙasa mai faɗin gaske, daga Yamai zuwa Diffa kaɗai tafiyar fiye da kilomita 1,300 ce. Ga Hausawa da Zabarmawa, ga Fulani da Buzaye, ga Barebari da Tubawa da Gurmawa da Larabawa, kowa da harshensa, Faransanci kuwa sai 'yan kaɗan da suka shiga lakwal. Da me za a tara waɗannan mutane wuri ɗaya su ji cewa gida ɗaya suke? Ƙwallon ƙafa na 'yan birni ne a lokacin, tare da Turawa ya zo. Amma kusan duk ƙauyen da ka shiga bayan girbi, za ka tarar da samari sun share dandali suna kokowa. Shi ya sa a 1975 aka tara 'yan kokowar ƙasa a Tawa, aka sa takobi a matsayin kambu, kuma Allah ya nufa ɗan jaharmu ta Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ne ya fara ɗaukarsa.

Ina son matasa su riƙe wannan da kyau. Gwamnati ba ta ƙirƙiri kokowa ba, tarar da ita ta yi da ranta, abin da ta ƙara shi ne takobi da tuta. Masu ita na ainihi su ne kakanninmu manoma.

Waɗanda suka girme ni a wannan rumfa sun fi ni sanin yadda ake yi. Idan an gama yankan gero, an ɗaure damma, an kai rumbu, sai samarin wani gari su aiko da goro cewa suna nan tafe ran kaza. Su taso da la'asar da makaɗinsu a gaba. Sarkin samarin garin da aka zo shi ke tarbarsu, ya rarraba su gidaje, a kai musu fura, a kai musu tuwo. Wanda za ka kama gobe, a ɗakin uwarka ya ci abinci yau. Da gari ya waye rana ta yi sanyi, a zagaye fili, ɗan kokowa ya fito da walkinsa, guru a ƙugu, kambu a damtse, ya durƙusa ya shafi ƙasa, ya miƙe ya ɗaga hannu ya yi kirari. A kirarin nan za ka ji sunan garinsu, da sunan ubangidan da ya koya masa, da sunayen mazan da ya kayar. Ba ya shiga fage shi kaɗai, da garinsu a wuyansa yake shiga. Idan an kayar da shi kuwa, wanda ya kayar da shi ne zai fara miƙa masa hannu ya tashe shi, su rungumi juna, washegari a yi wa baƙi rakiya har bayan gari. Baɗi kuma ku ne za ku je nasu garin.

Wannan tarbiyya ce Takobin Ƙasa ya ɗauka ya faɗaɗa. A yau jahohi takwas ke haɗuwa: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Kowace ta kawo maza goma, mutum 80 ke nan, kuma ba a ajiye gasar a babban birni ba, yawo take yi daga jaha zuwa jaha, yadda kowa zai ɗanɗani zama mai masauki, ya kuma ɗanɗani zama baƙo. Dokarta mai tsauri ce: faɗuwa ɗaya tak ta fitar da kai daga neman takobi, ko kai wane ne. Ana farawa da mutum 80, kullum waɗanda ba su faɗi ba suna raguwa, har a wayi gari saura biyu. A kwanakin nan ku shiga kasuwa ku gani. Tela ya ɗaga ƙafa daga keke, mai shayi ya manta da butarsa a wuta, mai amalanke ya rataye rediyo yana jin Muryar Sahel, gidan da ke da talabijin ya cika da yaran unguwa. Mutumin da bai taɓa taka Agadas ba ya san Laminu Mai Daba. Yaron da bai san hanyar Dosso ba ya san Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobi har sau shida. Iyayenmu sun san Salma Ɗan Rani da Kadade da Langa-Langa da Balla Haruna kamar 'yan gidansu. Yaranmu da yawa a bakin masu sharhin kokowa suka fara jin sunayen jahohin ƙasarsu, tun kafin malami ya nuna musu taswira.

A nan amsar tambayar take, ranka ya daɗe. Wasu suna zaton kishin ƙasa shi ne mutum ya manta garinsu. Ni ban yarda ba. Wanda bai iya son garinsu ba, da wuya ya iya son ƙasa. Abin da kokowa take koya mana ya fi haka wuya: ka so naka har cikin ranka, ka yi ihu muryarka ta dushe, sannan ka ga ɗan wata jaha ya ɗaga shi ya buga da ƙasa a gaban idonka, ka haɗiye, ka yarda da hukuncin alƙali, ka tashi ka tafa wa wanda ya yi kayen. Ranar da wannan gwani zai fita waje ya kama da ɗan Senegal, kai ne kuma za ka hana kanka barci kana yi masa addu'a, domin a ranar ba ɗan Dosso ba ne, ɗan Nijar ne. Jama'ar da ta saba da wannan a fage tana da abin da za ta dogara da shi ranar zaɓe, da ranar rabon gona, da ranar da makiyayi da manomi suka tsaya gaban sarki.

Kuma ƙasa ta nuna ta san darajar waɗannan maza. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. 'Ya'yan talakawa ne, da ƙarfin damtsensu da kyawun halinsu suka kai ga haka. Abin lura ne ma cewa lambobin Olamfik biyu da Nijar ta fara samu duk daga wasan gaba-da-gaba suka fito: tagullar Issaka Dabore a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a takwando a Rio a 2016.

Ba mu kaɗai muka gane wannan ba. A ƙasar Ayalan, tana ƙarƙashin mulkin Ingila, wasu 'yan ƙasa suka taru a garin Thurles a 1884 suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiyarsu, saboda sun ga wasannin masu mulki na neman binne nasu. Wannan ƙungiya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da kishin 'yancinsu ya yi rassa. Har gobe ba a biyan 'yan wasansu albashi, mutum don gundumarsu yake bugawa, amma ranar wasan ƙarshe filinsu na Croke Park a Dublin, mai ɗaukar mutum fiye da 80,000, cika yake yi maƙil. 'Yan'uwanmu na Najeriya da ke zaune tare da mu su ma suna da dambe, wasan da mahauta suka raya, da rukunansa na Kudu da Arewa da Guramaɗa, wanda makaɗi Ɗan Anace ya dawwamar da sunan ɗan dambe Shago a cikinsa. Iyaka ta raba mu a takarda, amma ɗan kokowar Maraɗi bai taɓa zama baƙo a fagen Katsina ba.

Yanzu na juyo gare ka, Sarkin Kokowa. Allah ya taya ka riƙo. An zaɓe ka ne saboda jama'a sun gan ka kana kayarwa ba ka yi girman kai ba, sun gan ka kana faɗuwa ba ka yi rigima ba. Zan faɗa maka gaskiya a gaban mai martaba, domin rawanin nan da nauyi ya zo.

Kuɗi sun shigo kokowa, kuma ba laifi ba ne. Ɗan kokowa ya samu mota, ya gina gida, ya kai uwarsa Makka, muna murna. Amma inda kuɗi suka shiga, caca tana biye, kuma mai caca ba ya son gaskiyar fage, abin da ya zuba yake so. Duk ranar da jama'a suka fara zargin cewa an sayi faɗuwa, ko alƙali ya karkata saboda ɗan garinsu ne, ranar ce kokowa za ta daina haɗa mu ta koma raba mu. Duk abin da na faɗa tun ɗazu a kan abu ɗaya ya tsaya, wato wanda aka kayar ya yarda cewa da gaskiya aka kayar da shi. Ka tsare wannan fiye da yadda kake tsare aljihunka. Idan ɗan cikinka ne ya taɓa ƙasa, ka riga kowa cewa ya faɗi.

Sai maganar ƙwaya, wadda ta fi ci mini rai. Mun ga yaro ƙaƙƙarfa, wanda gari ya sa wa rai, an ruɗe shi da tramol wai don kada ya ji gajiya. Shekara biyu, uku, sai ka gan shi a tasha idanu jawur, hannu na rawa, ko buhun gero ba ya iya ɗagawa. Kantu da Salma da fura da nono da aikin gona suka yi ƙarfi. Duk yaron da ka samu da ƙwaya, ka fitar da shi daga fage, amma kada ka yar da shi. Ka kira ubansa, ka kai shi asibiti, ka bar masa ƙofar dawowa. 'Ya'yana 'yan kokowa, ku ma da ku nake. Kuma wanda yake makaranta a cikinku, ta boko ko ta allo, kada ya bar ta saboda an fara yi masa kiɗa. Ƙarfi yana da shekarunsa, gwiwa ɗaya ce za ta goce a ce an gama.

Wannan ya kawo ni ga dattawan da ke zaune a gefen damanka. Wasunsu da sanda suka zo, wasu sai da aka riƙo su. Su ne waɗanda muka yi ta ihu da sunansu muna yara. Bai kamata mutumin da ya ɗaga sunan gari ya rasa kuɗin magani ba. Ina roƙon ka, ina kuma roƙon attajiranmu da ke nan, a ware wani kaso daga kuɗin ƙofa na kowane wasa a ajiye musu, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a duk shekara. Makaɗa ma a sa su cikin lissafi, don fagen da babu kiɗa babu mai zuwa.

Mai girma magajin gari, dandalin da muke kokowa a kai tun muna yara gine-gine sun fara cin gefensa. Muna roƙon a auna shi, a kafa masa iyaka, a yi masa takarda da sunan jama'a, kafin a wayi gari an yanka shi filaye. Mai martaba kuma, muna roƙon ka umarci masu gari su maido da al'adar aika goro tsakanin ƙauyuka da kakar bana. Ba ta buƙatar kasafin gwamnati. Masauki ne da tuwo da makaɗi, sai dattijo ɗaya mai gaskiya da zai tsaya a tsakiya. Maza goman da jaharmu take turawa neman takobi daga irin wannan dandali suke fitowa, idan ya mutu babu inda za a samo su.

Sarkin Kokowa, Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta nagari, ya kare ka daga sharrin masu zuga. Allah ya jiƙan mazan da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ja zamanin mai martaba, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Baƙinmu, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.