Zaman Natsuwa: Yadda Mai Koyo Zai Fara

 Yau ba maganar baƙi da wasali ta kawo mu ba. Mun zo da maganar abin da ke sa baƙi da wasali su zauna a kai, watau natsuwa.

Mun zaga azuzuwa da yawa, ko'ina kuwa abu guda muke gani. Magidanci ya zauna da littafi a hannu, idonsa na kan allo, amma zuciyarsa tana gona, ko tana wurin mai binsa bashi. Bayan wata biyu sai ya ce tsufa ya toshe masa kai, ya bar aji. Kansa lafiya lau yake. Zuciyar ce ba ta saba zama wuri ɗaya ba, ana kuwa iya koya mata.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe a kogon Hira, kusa da Makka, kafin wahayi ya sauko masa wajen shekara ta 610. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe kashi guda na littafinsa Ihya'u Ulumiddini ga tafakkuri. Can ƙasar Hindu kuma, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wani malami da ake kira Buddha ya koya wa almajiransa su zauna su lura da numfashinsu. Addininsu dabam ne, amma numfashi na kowa ne.

To, ga yadda za ka fara. Bayan sallar asuba, tun ba a soma daka ba, ka shimfiɗa buzu ko tabarma inda ba hayaniya. Ka zauna, ka miƙe bayanka. Kada ka kwanta, domin barci zai sace ka. Ka sunkuyar da ido, ka bar numfashi ya shiga ya fita ta hanci yadda ya saba, kai dai kana lura da shi.

Ba ka da agogo? Carbinka ya isa. Babban mutum in yana hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Carbi kuwa ƙwaya 99 ne. In ka ja ƙwaya ɗaya a kowane numfashi, kafin ka kai ƙarshe ka yi minti 5 zuwa 8. Ya ishi mai koyo. Wanda ba shi da carbi ya ƙirga daga 1 zuwa 10, sa'an nan ya koma 1.

Yanzu ga inda yawanci ke karaya. Ba za ka ja ƙwaya biyar ba sai ka tarar zuciya ta tafi kasuwa tana cinikin gero. Kada ka ce ka kasa. Ku tuna da sabuwar akuya ranar da aka fara ɗaure ta a turke. Tana fizga, tana kuka, tana zagaye. Mai hankali ba ya dukanta, ba ya kuma kwance ta. Ranar farko tana wahalar da shi, bayan mako guda sai ya tarar ta kwanta tana tuƙa. Haka zuciya take. Duk sa'ad da ka lura ta gudu, ka jawo ta a hankali zuwa numfashi, ba tare da fushi ba. Ko sau hamsin ta gudu, sau hamsin za ka jawo ta. Jawowar nan ita ce aikin, kamar yadda sake rubuta baƙin da ya karkace shi ne koyon rubutu.

Gara kaɗan kullum da zaman sa'a guda ran Juma'a kaɗai. Mata ma, iyayen gida, kada ku ce ba naku ba ne; in asuba ta ƙi, ku yi bayan yara sun yi barci.

Amma a ji mu da kyau. Wannan zama ba ya tsayawa a madadin salla ko wuridi, kuma ba maganin cuta ba ne. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci kwana da kwanaki, ya gaya wa na kusa da shi, a kai shi asibiti.

Ran Litinin in Allah ya kai mu, kafin a buɗe littafi, za mu yi numfashi goma tare da ku a nan ajin. Kowa ya zo da fensirinsa a fiƙe.