Idan Jimla Ta Ƙi Fita: Matsalolin Lissafi Mai Sharaɗi a Excel



Kwamitin shirya taro ya ba ni minti ashirin in yi magana a kan wani abu da ya shafi aikina, kuma wanda zai amfani jama'a. Da na duba fuskokin da ke cikin wannan ɗaki sai na ga akantoci, da malaman makaranta masu haɗa sakamakon jarrabawa, da 'yan kasuwa, da ma'ajin ƙungiyarmu wanda ke fama da mu a kan kuɗin shekara. Kusan dukkanmu muna buɗe Excel, kuma kusan dukkanmu mun taɓa zama har bayan la'asar saboda wata jimla ta ƙi fita. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan fomulolin nan biyu, SUMIF da SUMIFS, da irin hanyoyin da suke bi su ba mutum kunya. Misalan duka suna cikin takardar da aka raba maku.

Ga waɗanda ba su saba ba, aikin SUMIF shi ne ya tara lambobi, amma waɗanda suka cika wani sharaɗi kaɗai. A ce kana da jadawalin albashin ma'aikata ɗari biyar, layin A na ɗauke da sunan ƙaramar hukuma, layin C na ɗauke da kuɗi. Kana son jimlar na Bichi kawai, sai ka rubuta =SUMIF(A2:A501,"Bichi",C2:C501). Wato duba nan, nemi wannan, tara can. Shi kuwa SUMIFS, wanda ya shigo tare da Excel na 2007, yana karɓar sharaɗi fiye da ɗaya, har 127, kamar a ce Bichi, kuma mataki na takwas, kuma watan Janairu. Sai dai akwai tarko tun daga bakin ƙofa: a SUMIF layin kuɗi ne ke zuwa ƙarshe, a SUMIFS kuwa shi ne ke zuwa farko. Wanda ya ƙara harafin S kawai bai juya tsarin ba, ya shiga daji.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, cikin shekarun da na yi ina duba irin waɗannan takardu, ba safai laifin yake zama na fomula ba. Galibi laifin yana cikin abin da aka shigar. Kuma fomular da ta yi ihu, ta nuna maka #VALUE! ko #NAME?, wannan ta yi maka alheri, domin ta gaya maka akwai matsala. Wadda ake tsoro ita ce mai shiru, wadda za ta ba ka lamba mai kyan gani, da waƙafinta da kobonta, alhali ta bar mutum goma sha biyu a waje. Ka sa hannu, Darakta ya sa hannu, bauca ta wuce, sai ƙarshen wata wani dattijon masinja ya zo ya tsaya a bakin ofis yana tambayar ariyas ɗinsa.

Bari in fara da sunaye, domin nan ne mu a wannan ƙasa muka fi shan wahala. Kwamfuta ba ta san cewa Birnin Kudu da B/Kudu gari ɗaya ne ba. Ba ta san Tudun Wada shi ne T/Wada ba, ko Dutsin-Ma da Dutsinma da Dutsin Ma. Wani akawu zai rubuta Nassarawa, wani Nasarawa. Wani yana da haruffa masu lanƙwasa a na'urarsa zai rubuta Ƙaraye, abokin aikinsa ya rubuta Karaye. A wajen SUMIF waɗannan duk garuruwa ne daban-daban. Babban harafi da ƙarami ba su dame shi ba, BICHI da Bichi ɗaya ne a gare shi, amma harafi guda ya bambanta, ya wuce abinsa bai ko waiwaya ba. Haka nan GL08 da GL 08.

Wanda ya fi wannan sharri shi ne filin da ba a gani. Mai bugawa ya rubuta Bichi, yatsansa ya taɓa dogon maɓallin nan na ƙasa, sai aka sami fili ɗaya a bayan sunan. Ido ba zai taɓa ganinsa ba. Yadda ake kama shi shi ne a sa LEN ya ƙirga haruffa: Bichi haruffa biyar ne, in ka ga shida, to akwai baƙo a gidan. TRIM yana share irin wannan fili. Amma idan an kwafo bayanan daga intanet ko daga wata manhajar biyan albashi, wani lokaci akan zo da wani fili na daban, mai lamba 160, wanda TRIM ba ya iya taɓa shi. Shi sai an ce =TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," ")). Na taɓa ganin ma'aikata uku sun kwashe yini guda a wani ofis suna zargin juna da taɓa fayil, ashe wannan ɗan filin ne.

Wasu kan ce to a yi amfani da tauraro mana, tunda alamar * tana nufin kowane irin haruffa. Gaskiya ne, "Bichi*" zai kamo Bichi da duk abin da ya biyo bayansa. Amma a yi hattara. A Jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44, in ka rubuta "Dawakin*" ka haɗa Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a tukunya ɗaya. Ni a ganina tauraro maganin gaggawa ne. Gyara na ainihi shi ne a daidaita sunayen, sannan a kafa wa layin jerin zaɓi, ta yadda akawu zai zaɓi suna ne daga jeri, ba ya rubuta da hannunsa ba.

Sai lambobi waɗanda ba lambobi ba. Wannan magana kamar wasa, amma ita ce ta fi cin kuɗi. Idan mutum ya rubuta N25,000 da harafin N a gaba, Excel yana ɗaukarsa rubutu ne, kamar sunan mutum, kuma SUMIF yana tsallake rubutu a layin kuɗi ba tare da ya ce uffan ba. Haka kuma lambobin da aka sauko da su daga bayanin banki sukan zo a matsayin rubutu. Alamarsu ita ce sukan jingina ta hagun akwati, alhali lamba ta gaskiya tana jingina ta dama, wani lokaci kuma akwai ɗan koren alama a kusurwa. Amma kada a dogara da ido, tunda ana iya juya jinginar. A tambayi =ISNUMBER(C2), ko kuma a gwada COUNT da COUNTA a kan layin gaba ɗaya: na farko yana ƙirga lambobi kaɗai, na biyu yana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba. In ɗaya ya ce 488 ɗaya ya ce 500, ka san mutum goma sha biyu sun faɗi a hanya. Alamar naira kuwa a bar wa tsarin akwati ya sa ta, kada a buga ta da hannu.

Abin mamaki, a ɓangaren sharaɗi halin nasa kishiyar wannan ne. A can, duk abin da ya yi kama da lamba sai ya mai da shi lamba. Saboda haka 00123 da 123 ɗaya ne a wurinsa, ko da an ajiye su a matsayin rubutu. Wanda ke tara kuɗi bisa lambar fayil ko lambar ma'aikaci mai farawa da sifili ya lura da wannan. Sannan Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 na farko. Lambar asusun banki mai guda goma, ko BVN mai goma sha ɗaya, ba su kai nan ba. Amma lambar kati mai goma sha shida ta wuce, kuma katuna biyu da suka bambanta a lambar ƙarshe kawai, SUMIF zai haɗa kuɗinsu wuri ɗaya. A irin wannan hali ni nakan koma ga SUMPRODUCT, kamar haka: =SUMPRODUCT((A2:A501=F2)*C2:C501), domin shi yana gwada rubutu da rubutu yadda yake.

Kwanan wata shi ma lamba ce a ɓoye. Excel yana ƙirga kwanaki tun daga 1 ga Janairun 1900, shi ya sa 1 ga Janairun 2024 a cikinsa 45292 ne. Matsalarmu ita ce mu muna fara rubuta rana sannan wata, Amurkawa kuwa wata sannan rana, kuma kwamfutoci da yawa a ofisoshinmu suna nan a kan tsarin Amurka yadda aka sayo su. A irin wannan na'ura, in ka buga 03/04/2024 kana nufin 3 ga Afrilu, ita 4 ga Maris ta ji. In ka buga 25/04/2024, tunda babu wata na ashirin da biyar, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu. Ka ga a layi ɗaya wasu ranaku sun koma wani wata, sauran kuma ba a ƙirga su sam. Jimlar wata-wata da aka ɗora a kan wannan ba ta da amfani ko na sisin kwabo. Ƙari a kan haka, in bayanin yana ɗauke da awa da minti, sharaɗin "har zuwa 31 ga Janairu" zai bar duk abin da aka biya da ranar 31 ɗin, tunda ƙarfe goma na safe ya ɗara farkon ranar. Gara a ce ƙasa da 1 ga Fabrairu: "<"&DATE(2024,2,1).

Wannan ya kawo ni kan yadda ake rubuta sharaɗin. In kana son abin da ya haura dubu hamsin, ">50000" ne, cikin alamomin zance. In kuwa adadin yana cikin akwatin F1, ba a rubuta ">F1", domin zai tafi neman rubutun F1 ne, ya dawo maka da sifili. Daidai shi ne ">"&F1. 'Yan uwanmu da ke hulɗa da Maraɗi ko Damagaram kuma su sani, a Excel na Faransanci sunan fomular SOMME.SI ne, kuma waƙafi mai ɗigo ake sawa tsakanin sassanta.

Yanzu batun iyakar layi. Jadawali yakan girma. An ɗauki sababbin ma'aikata, an ƙara su daga layi na 502 zuwa ƙasa, fomula kuwa tana nan ta tsaya a 501. Kada wani ya ga kamar wannan kuskuren ƙananan akawuna ne. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike a kan bashin ƙasashe wanda 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya karɓi jadawalinsu ya duba, ya tarar fomular da ke fitar da matsakaici ba ta kai ƙarshen layi ba, ta bar ƙasashe biyar a waje. Tasu ba SUMIF ba ce, amma ciwon iri ɗaya ne. Maganinsa a mai da jadawalin tebur ta hanyar danna Ctrl da T, sai iyakar ta riƙa faɗaɗa da kanta.

Akwai kuma zamewa. Ka rubuta fomula daidai a layin farko, ka ja ta ƙasa, sai A2:A501 ya koma A3:A502, ya koma A4:A503, kowane mataki yana zubar da mutum ɗaya daga sama. Alamar dala ce ke ɗaure shi, $A$2:$A$501, maɓallin F4 kuma yana sa ta. Idan kuma layin dubawa ya fara daga 2, layin kuɗi ya fara daga 3, to albashin kowa ya koma kan maƙwabcinsa. SUMIFS yakan yi ƙara idan tsawon layukan bai zo ɗaya ba. SUMIF ba ya yi, sai ya auna da kansa ya ci gaba.

Sauran in ambace su a gurguje. SUMIF yana tara har layukan da ka ɓoye ko ka tace, saboda haka abin da ido ke gani a allo ba lallai ya yi daidai da amsarsa ba. Idan yana ɗauko bayani daga wani fayil, kuma fayil ɗin a rufe yake, zai nuna #VALUE! har sai an buɗe. Idan ka canja lamba jimla ba ta motsa ba, wataƙila wani ya mai da lissafin na hannu, danna F9 ka gani.

Malamanmu da suka koya mana ajiye littafin kuɗi za su tuna yadda suke sa mu tara leja ta tsaye, mu tara ta kwance, sai biyun sun haɗu kafin a ja layi biyu a ƙasa. Wannan shi ne abin da nake roƙon kowa ya mayar cikin jadawalinsa. A ƙasan jimlolin ƙananan hukumomi, ko na azuzuwa, ko na rassan shago, a ware akwati ɗaya: jimlar duka da SUM, a debe jimlar sassan da SUMIF ya fitar. Dole ya zama sifili. A gefensa a yi na mutane: COUNTIF na kowane sashe, a tara, a gwada da yawan sunayen da ke jadawalin. Na kuɗin kaɗai ba ya isa, domin lambar da ta zama rubutu SUM ma tsallake ta yake yi, sai ɓangarorin biyu su yi daidai a kan kuskure ɗaya, shi ya sa gwajin COUNT da COUNTA da na ambata ɗazu ya zama na uku. A sashenmu ba na barin takarda ta hau teburin Darakta sai waɗannan akwatuna uku sun fito a jikinta, inda mai binciken kuɗi zai gan su.

Ma'ajin ƙungiya ya riga ya ba ni jadawalin kuɗin shekara in duba masa, kuma na ga an rubuta shekarar gama makaranta iri huɗu a layi ɗaya. Wanda duk ya san ya biya amma aka ce ana bin sa, ya same mu a teburin baya da rasit ɗinsa bayan an tashi. Shugaba, na ga kana duban agogo.