Kafin Mu Je Ikko, Mu Ga Namu Bakin Ruwa



Duk lokacin da aka ta da zancen yawon buɗe ido a ƙungiyarmu, Ikko ce ke fara zuwa bakin kowa. Ba laifi. Can ne za mu ga jiragen ruwa a tashar Apapa, da doguwar gadar nan mai kilomita kusan 12 da aka buɗe a 1990, da Badagiri inda aka riƙa loda bayi zuwa ƙetare. Amma mu 'yan Talata Mafara da Bakura da Maradun muna da namu bakin ruwa, kuma da yawa cikinmu ba su taɓa tsayawa sun dube shi da idon basira ba. Muna nufin madatsar ruwa ta Bakolori.

An datse gulbin Sakkwato ne a nan daga 1974 zuwa 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin. Tsawon bangon ya haura kilomita 5, tafkin da ya taru a bayansa kuwa ya mamaye kadada kusan 8,000. Wanda ya tsaya a bisa bangon da hantsi zai ga masunta cikin kwalekwale suna jan taru, su fito da tarwaɗa da karfasa. In ya bi magudanan ruwa zuwa ƙasar Bakura, zai ga shinkafa kore shar a tsakiyar rani, ga albasa, ga dankali. Ranar Talata kuwa sai ya shiga kasuwar Mafara ya ga inda amfanin ke ƙarewa.

To, amma kallo kaɗai ba ya isar mai ilimi. A ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da kufai na dubban mutanen ƙasar Maradun waɗanda aka tasa. Manoman fadamun da ke ƙasa da madatsar su ma sun yi asara, domin ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu kowace shekara ta ragu. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma ran 28 ga Afrilu, 1980. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, mutanen ƙauyuka suka ce ɗaruruwa ne. Dattawan da suka ga wannan rana suna ta ƙarewa.

Ga shawararmu. Kuɗin motar Ikko na mutum guda zai kai mutane da dama Bakolori. Mu je da littattafan rubutu, mu zauna gaban dattawa, mu rubuta abin da suka gani. Tun da hanyoyin Maradun sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, lalle ne mu nemi shawarar mutanen gari kafin mu tashi.

Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi muna sa hannu a takardun ayyuka irin wannan. Wanda ya ji daga bakin manomi yadda ake rasa gonar gado, zai yi tunani kafin ya ɗora alƙalami. Teku na nan tana jiranmu, dattawan Bakolori kuwa ba za su jira ba.